Zaɓen Itatuwan Ado Domin Harabar Makaranta

Kowane malami da ya fita daga kwalejin nan aka ba shi makaranta, abin da zai fara tararwa shi ne fili. Ga ɗakunan karatu biyu ko uku, ga rijiya in an yi sa'a, sauran wurin kuwa fetal kamar masussuka, babu inuwa, babu kore. Ba wanda zai so ya riƙa koya wa yara tsabta da tsari alhali kuwa harabarsu ƙura ce tun daga ƙofa har bayan aji. Saboda haka yawancin sababbin malamai su kan ɗauki fartanya tun daminar fari, su nemo irin furanni ko'ina, su shuka. Watan Agusta ya kama, wuri ya yi shar, kowa ya zo ya yaba. Amma kafin watan Maris ya ƙare ba abin da zai saura sai 'yan busassun karare da awaki suka rage. Galibi ba ƙyuya ke jawo wannan ba, zaɓe ne tun farko bai yi daidai ba. A ƙasarmu rani shi ne alƙalin itace. Wanda ya ke son lambun adonsa ya ɗore, tilas ya fara tambayar kansa, shin wannan abin da zan dasa zai iya ƙetare watanni bakwai babu ruwan sama? In amsa ta yi daɗi, sa'an nan ya dubi kyan fure.

Lissafin Ruwa

Mutane da yawa suna tsammani ƙarancin ruwan sama ne ya hana mu lambuna irin na Turawa. Amma ku dubi wannan. A Kano, in aka daidaita shekaru masu yawa, ruwan da a kan samu a shekara wajen inci 34 ne. Birnin Landan na Ingila kuwa, wanda a ke kwatance da shi wajen kore, nasa wajen inci 24 ne kawai. Watau mun fi su ruwa. Abin da ya raba mu shi ne, nasu yana sauka kaɗan-kaɗan cikin dukan watanni 12, ranarsu kuma ba ta da zafi. Namu kuwa kusan dukansa ya kan zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan sama ta kulle. Iskar hunturu ta zo ta tsotse laimar ƙasa, bazara ta biyo baya da zafinta ta ƙarasa abin da ya rage.

To, a ce malami ya dasa furanni 20 masu son ruwa, kowanne yana bukatar rabin garwa kullum. Garwa 10 ke nan a yini. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu kwana 210 ne da 'yan kai, watau garwa 2,100 ko fi. Wa zai jawo wannan ruwa daga rijiya mai gaba 15, in ba yaran da iyayensu suka aiko karatu ba? Wa kuma zai jawo shi ran da aka tashi hutu? Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna mana cewa mu nemi itatuwan da ba sai an yi musu bauta ba.

Dabarun Da Itace Ke Yi Wa Rani

A jikin kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ta nan itace ke shaƙar iskar da ya ke haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa. Ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita, kamar yadda gumi ke fita daga jikin mutum. Kuna iya nuna wa yara wannan a sauƙaƙe: ku sa ɗanyen reshe mai ganye cikin busasshiyar kwalba mai faɗin baki, ku toshe, ku ajiye a rana. Ba da jimawa ba za su ga ɗigon ruwa ya taru a jikin kwalbar.

Itacen da zai rayu a ƙasar rani, lalle ne ya san yadda zai yi da waɗannan ƙofofi. Allah kuwa ya hore musu dabaru iri-iri. Waɗansu su kan zubar da ganye gaba ɗaya in rani ya shigo, su yi kamar sun mutu har ruwa ya sauka. Waɗansu su kan tara ruwa a cikin ganye ko a gindi, kamar yadda mai hankali ke cika rumbu da kaka. Waɗansu jikinsu shafe ya ke da wani abu kamar kakin zuma, ruwa ba ya samun hanyar fita. Waɗansu kuma saiwarsu ce ke bin ƙasa har ta cim ma laima. Akwai ma waɗanda dabararsu ta fi ban mamaki, irin su moda da abarba: da rana su kan rufe ƙofofin nan ruf, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, su buɗe su shaƙi iskar da su ke bukata su ajiye, gari ya waye su yi aiki da ita ƙofa a kulle. Shi ya sa girmansu ba ya sauri, amma kuma ƙishirwa ba ta kashe su da wuri. In kun tsinko ganyen moda da reshen zogale kun rataye su a ƙusa ɗaya, kafin la'asar zogale ya yi yaushi, moda kuwa sai ta yi makonni tana nan ɗanya.

Dangin Dabino

Babu itacen da ke ba wuri kwarjini kamar dangin dabino, watau dabino da giginya da goriba da 'yan'uwansu. Kafin a dasa su akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, ba su da doguwar saiwa guda ɗaya irin ta tsamiya, saiwoyinsu sirara ne masu yawa da ke fitowa daga gindi. Na biyu, idon tsiro ɗaya tak gare su, can a tsakar kai inda sabon ganye ke ɓullowa. Mangwaro in an sare masa kai ya kan yi toho ta gefe. Giginya kuwa in aka ɓata mata wannan ido, ta mutu ke nan. Don haka kada a bari ƙasa ta rufe tsakar kan ƙaramin dashe, kada kuma a bar yara su riƙa zare sabon ganye.

Dabino shi ne babba a daraja, an ambace shi wurare da yawa cikin Alƙur'ani mai girma, har cikin labarin Nana Maryamu. A ƙasar Hausa an san Dutse da dabino, can arewa kuma ga na Azbin da na Bilma. Larabawa su kan ce dabino ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta. Watau yana son zafin rana ainun, amma sai inda saiwarsa za ta taɓa laima. Saboda haka wurinsa a makaranta kusa da rijiya ne, inda ruwan alwala da na wanke allo ke gangarawa. Namiji dabam ne, mace dabam. In ƙwallo aka shuka, wajen rabin abin da zai fito maza ne, ba kuwa za a gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Mai son 'ya'ya sai ya ɓamɓaro ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau, wanda ya riga ya yi saiwarsa, ya dasa. In furen mace ya buɗe, a tsinko na namiji a ɗaura a cikinsa. A bar ƙafa 25 zuwa 30 tsakanin wani da wani. Ƙayoyin da ke gindin ganyensa kamar tsinken ƙarfe su ke, tilas a datse su muddin itacen bai fi tsawon yara ba.

Goriba ita kaɗai ce cikin namu ke yin rassa, kowane reshe ya rabu biyu, kowanne kuma ya sake rabuwa biyu. Wannan siffa tata ta sa in ta girma a bakin ƙofa ta kan yi kyan gani ƙwarai. Tana jure fari fiye da dabino. Kabar da a ke saƙa tabarma da igiya da ita kuwa ganyen ƙaramar goriba ne, ga kayan aikin hannu ke nan har gida. Mutanen Masar na dā sun girmama ta, har an sami 'ya'yanta cikin kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a shekarar 1922.

Giginya sarauniya ce, amma sai mai haƙuri. Ba ta son a cire ta a dasa, domin ƙwallonta ya kan tura tsiro can cikin ƙasa tukuna kafin ganye ya leƙo waje, wannan tsiro kuwa shi ne murucin da mu ke ci. Don haka inda a ke son ta tsaya, nan za a binne ƙwallon. Wanda ya shuka ta ba lalle ne ya ga girmanta ba, amma ɗalibansa za su yi azara da ita. A ajiye ta can iyakar fili, gama 'ya'yanta manya ne masu nauyi, suna kuwa faɗowa daga tsawon ƙafa 60 ko fi. Ga shi kuma an ce inuwar giginya na nesa ka sha sanyi.

Akwai kajinjiri, wanda waɗansu ke kira dabinon biri. Ya kan fito cunkus daga gindi ɗaya, ganyensa ya lanƙwaso da kyau, amma ɗan bakin rafi ne, sai makarantar da ke kusa da fadama. Akwai kuma wani baƙo da asalinsa tsibirin Kuba ne, mai santsin jiki fari-fari kamar ginshiƙin siminti. Shi ne aka jera a hanyar shiga lambun Aburi na ƙasar Gana, wanda aka buɗe a 1890. Kowa ya ga hotonsa sai ya yi sha'awa, amma ɗan ƙasar ruwa ne. A jigawar Katsina ba zai yi ba sai da ban ruwa mai yawa kowace shekara.

Masu Ajiyar Ruwa

Waɗannan su ne abokan malamin da rijiyarsa ke da zurfi, kuma yawancinsu suna nan cikin dajinmu kyauta. Wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwanmu na Hausa ya buga littafi a 1916, da yawa daga cikin waɗanda zan ambata suna ciki.

Ƙariya ita ce ta fari. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, can ruwanta ya ke. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, ita ma ta zubar da ganye, sai ta ɓarke da fure ja-ja mai haske. Masu iya magana sun ce ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya, wannan itace ma furenta ya fi 'ya'yanta yawa nesa ba kusa ba. Amma wani lokaci ta kan yi kwanso biyu kamar ƙahoni, da iri mai gashi a ciki. Wadda aka shuka daga iri ita ta fi yin babban gindi, wadda aka dasa daga reshe kuwa ta fi saurin fure. Yau masu lambu a ƙasashe masu nisa, har Tailan, suna renonta cikin tukwane suna sayarwa da tsada, mu kuwa muna wuce ta a bakin hanya.

Moda tana da dogayen ganye masu kauri, tsaye kamar takubba, da zane-zane a jiki. Mutanen dā su kan fitar da zarenta su yi tsarkiyar baka. Tana yi a rana, tana yi a inuwa, don haka ta dace da gindin bango da bakin baranda. In ta yi yawa sai a tono a raba saiwar, kowane yanki ya zama sabon dashe.

Kabar giwa, wadda waɗansu ke ce wa zabuwa saboda ɗigo-ɗigon ganyenta, ta kan fid da doguwar sanda mai fure a kai. In rani ya tsananta ganyenta ya kan bushe, kada a ce ta mutu a tone ta, da ruwa ya sauka za ta farfaɗo daga gindi. 'Yar'uwarta ce alobera da a ke dasawa a gidaje.

Aguwa kuwa manoman arewa sun daɗe suna shinge da ita. A ƙarshen rani a kan saro rassanta a kafa a ƙasa, shi ke nan ta kama, dabbobi kuma ba su damu da ita ba.

Abin da ke kashe dukan waɗannan shi ne yawan ruwa. In ruwa ya kwanta a gindinsu cikin Agusta, sai su ruɓe. Saboda haka a yi musu ɗan tudu na rairayi gauraye da tsakuwa. Reshen da aka yanko kuma kada a dasa shi nan take, a ajiye shi a inuwa kwana 4 ko 5 bakin yankan ya bushe tukuna.

Ƙananan Itatuwa Masu Fure

Lalle na gida ne, ba kuwa wanda ya fi shi dacewa da shingen makaranta. A kan shuka irinsa ko a dasa reshe, a jera kusa da kusa, in ya kai ƙirji a riƙa aske kansa domin ya cika ta ƙasa. Furensa ƙanana ne, amma ƙanshinsu da maraice ya kan cika haraba. Ganyen da aka aske kuma ba ya rasa masu so a cikin gari.

Cikin baƙi, wanda ya fi karɓar ƙasarmu shi ne boganbiliya, mai hawa bango ya lulluɓe shi da ja ko shunayya ko fari. Asalinsa Amurka ta Kudu ne. Wani jirgin ruwan Faransa da ya tashi kewaya duniya a 1766 ya ya da zango a Riyo ta ƙasar Birazil a 1767, masanin itatuwan da ke cikin tafiyar ya same shi can, aka sa masa sunan shugaban jirgin. Abin da mu ke gani mai launi ba shi ne furen ba, ganye ne na musamman. Furen gaskiya ɗan ƙanƙane ne fari a tsakiyarsu, ga darasi mai kyau ga yara. In aka cika masa ruwa da taki sai ya yi ta ganye, in ya ɗan ji ƙishi da rana kuwa sai ya ɓarke da launi. Shekarar fari kaɗai ya ke bukatar kulawa sosai. Yana da ƙaya, a nisanta shi daga filin wasa.

Hattara Da Dafi

Lambun makaranta dabam ya ke da na gida, domin yara ɗari ne ke kai da kawowa a cikinsa, yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taka. Tinya da kyarana suna da siffa mai ɗaukar ido, kyarana ma ita ce mutanen kan dutsen Jos ke kewaye ƙauyukansu da ita. Amma farin ruwan nan nasu mai kama da nono yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Kada a shigo da su haraba ko kaɗan. Ƙariya ma dafi ce, maharba sun yi ta shafa ruwanta a kibiya, don haka a dasa ta inda idon malami ke kai, a kewaye ta, a kuma gargaɗi yara. 'Ya'yan bini da zugu suna da ɗan daɗin baki, amma yaro in ya ci sai amai da gudawa mai tsanani. Oliyanda, wani baƙon itace mai siririn ganye da kyakkyawan fure, dukan jikinsa dafi ne, har hayaƙinsa in an ƙona. In tsautsayi ya sa ruwan ɗayan waɗannan ya shiga idon yaro, kada a bar shi ya murza. A yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta har minti 15 ko fi, sa'an nan a kai shi asibiti.

Baƙon itace kuma wani lokaci ya kan fi ƙarfin mai masauki. An kai wani tsiro mai faffaɗan jiki da ƙaya daga Amurka zuwa Ostareliya, aka riƙa shinge da ado da shi. Kafin 1925 ya cinye ƙasa wajen eka miliyan 60, manoma suka yi ta barin gonakinsu. Sai da aka ɗauko wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926, tsutsarsa ta riƙa cin tsiron ta ciki, sa'an nan aka samu kansa. Don haka kada malami ya karɓi kowane iri daga hannun matafiyi ya watsa a gari bai tambayi ma'aikatan gona ba.

Yadda Za A Dasa

A haƙa ramuka tun da bazara, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A jira sai damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a dasa da maraice. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ruwa ya ɗauke, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi, kada dai ta taɓa jikin itacen, a barbaɗa toka. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa ƙasa. Ga wata dabara kuma domin lokacin hutu: a binne tulun ƙasa har wuya kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali har kwanaki.

To, 'yan'uwana, ga shawarata a taƙaice. Lalle a shinge, goriba biyu a bakin ƙofa, dabino kusa da rijiya, giginya can iyakar fili, moda da kabar giwa a gindin bango, boganbiliya a jikin ofis, ƙariya ɗaya a inda kowa zai gani ba ya taɓa ba. A raba wa kowane aji nasa, a rubuta ranar dashe a littafi, yara su riƙa awon tsawo kowane wata, ga lissafi da sanin halitta sun haɗu wuri ɗaya. Malami ba ya dawwama a gari ɗaya, yau yana nan, gobe an ɗauke shi. Lambun da ya dogara ga garwarsa zai bi shi tafiya, wanda aka zaɓa bisa halin ƙasa kuwa zai tsaya ya jira na bayansa. Allah ya sa mu dasa abin da za a mora bayanmu, amin.